Baldeo Mai Wanki da Takardar Mutumin Kirki

A garin Sigatoka, a wani tsibiri can tsakiyar teku, idan mutum ya cika maƙo, ba a ce masa marowaci. Sai dai a dube shi a ce, "Kai, ko a gidan Baldeo aka yaye ka?" Shi kuwa Baldeo Charan ya san ana faɗin haka, kuma bai taɓa jin zafin maganar ba. A wurinsa yabo ne.

A wata gonar rake aka haife shi, can kan tudu a hayin kogi, kuma shi ne auta. Duk rigar da za ta iso jikinsa sai ta bi ta kan yayyensa maza tukuna, don haka ya tashi bai san asalin launin tufafinsa ba. Gonar ta haya ce. Da wa'adi ya cika masu ƙasa suka karɓi abinsu, gidan ya watse, kowa ya kama gabansa. Baldeo, yana ɗan saurayi, ya sami aiki a ɗakin wankin wani otal na bakin teku, inda baƙi daga Ostareliya ke zuwa su kwanta a rana har su yi jajir kamar tumatir. A nan ya ga abin da ya tsaya masa a rai har tsufa. Baƙo zai ɓare sabulu sabo fil, ya wanke hannu sau ɗaya, ya hau jirgi ya koma ƙasarsu, a kwashi sabulun a watsa a shara. Ranar da ya fara gani sai da ya nemi wuri ya zauna.

Ya auri Sarojni, 'yar wani mai sayar da kayan miya a kasuwa, mace mai fara'a wadda ba ta iya ganin baƙo ba ta ɗora tukunya ba. Mutane suka ce Allah ne ya haɗa su don kada duniya ta karkace gefe ɗaya. Ba a daɗe da bikin ba otal ɗin ya sake injinan wanki, Baldeo ya sayi tsoho guda a kuɗin ƙarfen bola, ya kafa shi a wata rumfa a bayan gidansu, kusa da rafin da ke gangarawa ƙauyen Nakoro. Allon suna ma bai buga sabo ba. Wani tela mai suna irin nasa ya rufe shago, sai ya karɓi allonsa, ya goge kalmar ɗinki ya rubuta wanki. Allon ya ci gaba da cewa "Charan da 'Ya'yansa Maza", alhali ɗiya ɗaya tal Allah ya ba shi, Reshmi.

Sana'a ta karɓe shi. Kafin Reshmi ta gama makaranta, zannuwan gado da tawul na manyan otal-otal na wannan gaɓar duk a hannunsa suke. Rumfa ta zama dogon zaure mai rufin kwano, ma'aikata sun haura ashirin, yawancinsu matan Nakoro. Shugabarsu Torika ce, doguwar mace mai jiki, wadda ke jan waƙa a cocin ƙauyen. In ta kira sunanka a wannan hayin, sai na wancan hayin ya amsa.

Arziki ya zo, amma hannun Baldeo bai buɗe ba. Ruwan famfo na kuɗi ne, don haka ya jera tsofaffin durom a ƙarƙashin indararo yana tarar ruwan sama. Ruwan ɗauraya ba a zubarwa, da shi ake wankin gaba, in ya gaji a wanke daɓe da shi. Injin busar da kaya kuwa ko sunansa ba ya son ji. Ya ɗaura igiyoyi a fili, ya ce rana ba ta taɓa aiko masa da takardar biya ba. Guntayen sabulun otal yana karɓowa buhu-buhu, a narka a ƙatuwar tukunya. Zanen da ya yage a ɗinke shi ya zama jakar ɗaukar kaya, jakar da ta mutu ta zama tsumma. Babbar abin magana ita ce motar ɗaukar kaya. Yana bi ɗakunan girkin otal yana karɓar man suyar da suka gama da shi, ya tace da tsohon ƙyalle, ya gauraya da ɗan man dizal ya ɗura mata. Motar tana tafiya, amma duk inda ta bi sai ƙamshin soyayyen kifi ya cika titi, karnukan gari su bi ta a guje kamar masu rakiyar amarya.

Wata safiya manajan otal mafi girma a cikin masu ba shi aiki ya kira shi ofis. Ya ce masu kamfanin a ƙasar waje sun kafa sabuwar doka. Baƙin yanzu suna tambaya, masu zuba jari ma suna tambaya, don haka duk wanda zai ci gaba da kwangila da su sai ya kawo takardar shaida cewa yana kula da muhalli, yana kuma kyautata wa ma'aikatansa da maƙwabtansa. Za a turo mai bincike daga Suva, babban birnin ƙasar.

Baldeo ya dawo gida ya ƙi cin abinci. Sarojni ta ajiye masa gurasar roti da miyar kabewa har suka huce.

"Baban Reshmi, wa ya mutu?"

"Ni ne. Sun ƙirƙiro sabon haraji, sun raɗa masa suna muhalli."

Reshmi, wadda a lokacin ta karanta harkar kasuwanci ta dawo tana riƙe masa ofis, ta ce, "Baba, ba haraji ba ne. Dubawa kawai za a yi. In mun ci, aiki ya zauna, wataƙila ma wasu otal ɗin su neme mu."

"In mun faɗi fa?"

"Sai su kai wa wani."

Ya dubi filin shanya ta taga, ya dubi layin durom masu tsatsa, ya tuna da motarsa. Mutumin birni mai takalmi sau-ciki zai zo ya ga wannan tarkacen? Ai rufe wurin zai yi. Reshmi ta yi ta ƙoƙarin gaya masa cewa ya bar komai yadda yake, amma ya ce ita yarinya ce, ba ta san ma'aikatan birni ba.

Ana gobe binciken, ya yi abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, wato ya kashe kuɗi don a gani. Ya je garin Nadi ya ɗauko hayar ƙaton injin busarwa na yini guda. Ya sa aka kwance igiyoyin shanya, aka lulluɓe durom da zannuwa, aka tura tukunyar sabulu bayan ayaba. Ya roƙo kwalayen garin sabulu da babu komai ciki daga wani kanti, ya jera su har rufi. Direbansa Manasa kuma ya ce masa ya kai motar bayan gidan ibadar Hindu da ke bakin hanya, kada ya kuskura ya dawo sai yamma. Da gari ya waye ya kunna duk ƙwayayen lantarkin zauren da rana tsaka. Wasu daga cikinsu tun da aka ɗaura su ba su taɓa ganin wuta ba, har gizo-gizo ya yi iyali a kansu.

Mai binciken, Malam Epeli, mutum ne mai sanyin magana, da furfura a gefen kunne. Ya shigo ya gaisa da kowa, ya ɗaga kai ya dubi fitilu, ya dubi hasken rana da ke kwarara ta ƙofa. Ya tsaya gaban injin busarwa yana jin rurinsa.

"Kullum yake aiki?"

"Dare da rana," in ji Baldeo, yana buga ƙirji. "Mu nan ba ma wasa da zamani."

"Kash," in ji Malam Epeli. "Irin wannan ai shan wutarsa ya fi na unguwa guda. Ga fili, ga rana, me ya hana ku shanya?"

Baldeo ya yi maza ya ja shi gaba, wurin kwalayen sabulu.

"Wannan garin sabulun kuma," mutumin ya ci gaba, yana nuna kwalayen, "yana cikin masu kashe kifi in ya shiga ruwa. Duka wannan kuke amfani da shi?"

Torika, da ke guga a gefe, ta yi wani tari mai kama da dariya. Baldeo ya harare ta. Ana cikin haka sai aka ji haushin karnuka daga nesa, yana matsowa. Ƙamshin kifi ya riga motar shigowa. Manasa ya diro yana share gumi, ya dubi ubangidansa, wanda ma'aikata ke kira Boso.

"Boso, ka yi haƙuri. Malamin gidan ibada ne ya koro ni da tsintsiya. Ya ce wuri ne da ko ƙwai ba a shiga da shi, na zo na cika masa shi da ƙarnin kifi da karnuka."

Malam Epeli ya zagaya motar, ya sunkuya ya shinshina bututun hayaƙi. "Da me take tafiya?"

Sai Torika ta ajiye dutsen guga.

"Ranka ya daɗe, da man suya take tafiya. Wancan injin kuma jiya ya kwana a nan, yau zai koma gidan ubansa. Kwalayen nan ko ɓera ya shiga sai ya fito da yunwa. Zo in nuna maka inda muke aiki na gaskiya, ƙafafuna sun gaji da wasan kwaikwayo."

Ta yaye zannuwan da ke kan durom, ta kai shi bayan ayaba, ta nuna masa igiyoyin da aka cusa a buhu. Baldeo yana biye da su kamar wanda ake kai wa gidan yari. Amma ga mamakinsa, fuskar mutumin sai washewa take yi. Ya tambayi yadda ake juya ruwan ɗauraya, ya ɗauki hoton tukunyar sabulu, ya shafa jakar da aka ɗinka da tsohon zane.

"Malam Baldeo, na zagaya manyan kamfanoni da suka kashe dukiya don su kai rabin abin da kake yi a nan. Me ya sa ka ɓoye?"

Nan take Baldeo ya miƙe tsaye sosai, ya gyara wuyan riga. "To, ka san ni ba na son nuna kai. Tun ina yaro nake da tausayin ƙasa. Ko ɗigon ruwa na ga ya zube, sai in ji kamar jinina ne."

"Wannan kam gaskiya ya faɗa," in ji Torika.

Ya aika a kashe fitilu, ya ce wa Sarojni ta kawo wa baƙo shayi, har da biskit biyu. Yana ta lissafin inda zai rataye takardar, sai Malam Epeli ya ce saura rabi na biyu. Yana son ya zauna da ma'aikata, ban da mai gida.

Baldeo ya fita, amma bai yi nisa ba. Ya laɓe a bayan tankin ruwa, ko da yake da muryar Torika ko a kasuwa ya tsaya zai ji. Ta fara da zafi: zaure mai rufin kwano, ga dutsen guga, babu fanka ko ɗaya, har mata biyu sun taɓa sumewa. Ta sa kowa ta miƙa hannu ya ga yadda sabulu ya tsattsaga musu fata. Ta ce makewayi ɗaya ne, ƙofarsa kuma sai kana ciki kana riƙe da ita da ƙafa. Ta ce ganyen shayin ma'aikata ana shanya shi a sake dafawa har sai ya daina ba da launi. Mace in ta je haihuwa, kafin ta yi arba'in an ba wata gurbinta. A ƙarshe ta kai shi bayan zaure, inda ruwan da ya gama duk zagayensa, baƙi ƙirin mai kumfa, yake silalewa cikin rafi.

"Da can a rafin nan muke kamun jatan lande mu kai kasuwa. Yanzu ko kwaɗo ya yi ƙaura."

Da Malam Epeli ya zo sallama, ya faɗa masa ba tare da ɗaga murya ba. "Wajen tattalin ruwa da wuta ka wuce kowa. Wajen mutane da rafi kuwa ka faɗi warwas. Takardar kuma ba a raba ta biyu. Zan dawo bayan damina."

Baldeo ya kwanta ciwo. Sarojni ta shafa masa man kwakwa a ka, ta dafa masa citta, yana nishi yana cewa Torika ta kashe shi, gobe zai kore ta.

"Kore ta mana," in ji Sarojni. "Sai ka ɗaura zane ka yi gugar da kanka, don duk matan bayanta za su bi. Ni dai tun yaushe nake gaya maka maganar fankar nan?"

Reshmi ta zauna a bakin gado ta yi masa bayani dalla-dalla. Abin da gyaran zai ci yana da yawa, amma bai kai asarar rabuwa da babban otal ba. Wannan ne kaɗai yaren da ya ji. Ya tashi zaune ya nemi abinci.

Ya fara da safar hannu. Ya je Suva da kansa, ya yini yana ciniki, ya dawo da ƙaton kwali da ya samu a rabin kuɗi, yana ta murmushi. Aka buɗe a gaban kowa. Torika ta zura ɗaya, ta ɗauko ta biyu, ta juya ta, ta ɗauko ta uku.

"Boso, duk na hannun hagu ne."

"To, ai sai ku juya bayanta."

"Shi ke nan. Daga yau da hagu za mu riƙa wanki, dama ta huta. In aiki ya ragu rabi, ka juya bayansa."

Ya koma Suva neman na dama, ya same su a cikakken kuɗi, ga kuɗin mota sau biyu. Fanka kuwa Reshmi ce ta sayo ba ta gaya masa ba. Ranar da aka kunna su ya tsaya a ƙofa yana kallon yadda suke juyawa, leɓensa na motsi, kowa ya san kuɗin wuta yake bi da ido. Aka gina makewayi na biyu, aka sa wa na farko sakata. Aka rubuta cewa mai jego za ta huta da albashinta, ta dawo ta tarar da gurbinta. A shekarar nan mata huɗu suka haihu. Baldeo ya ce haɗa baki suka yi.

Rafin ne ya fi wuya. Malam Epeli ya bar musu shawara cewa a haƙa tafkuna a jere, a dasa ciyawar jema, ruwan ya bi ta cikinsu ya tace kafin ya isa rafi. Amma filin da za a haƙa na mutanen Nakoro ne, kuma ba a shiga maganar ƙasa da su sai an je da saiwar yangona, wadda ake damawa a sha ta kashe jiki, an nemi afuwa a gaban dagaci. Baldeo ya je kasuwa ya zaɓo ɗaurin da ya fi kowanne ƙanƙanta, siriri kamar tsinken sakace. Sarojni ta karɓa ta ce za ta naɗe masa a takarda. Sai da aka kwance a gaban dattawa ya ga ta musanya shi da wani ƙato kamar cinyar bijimi. Dattawa suka yi tafi, suka ce lallai mutumin nan ya zo da zuciya ɗaya. Shi kuwa idonsa ya ciko da ƙwalla, suka ɗauka nadama ce.

Aka daka saiwar aka dama, ƙoƙon kwakwa ya fara zagayawa. Baldeo ba mashayin yangona ba ne, tunda saya ake yi, amma yau da ya san kuɗinsa ne a cikin akushin, ya ƙudura ba zai bar musu ba. Duk zagayen da aka yi sai ya karɓa ya shanye. Harshensa ya yi nauyi, ƙafafunsa suka mutu, zuciyarsa ta yi laushi. Dagaci ya ce sun ba da filin, amma samarin ƙauye ne za su yi haƙar a biya su. Baldeo ya gyaɗa kai. Wani tsoho ya ce rufin makarantar yara yana yoyo. Baldeo ya gyaɗa kai. Torika daga layin mata ta ce 'yan waƙar coci ba su da riguna iri ɗaya. Ya sake gyaɗawa. Manasa ne ya ciccibe shi zuwa mota kafin a kai ga maganar gada.

Washegari ya ce bai tuna komai ba. Ƙauye guda ya tuna masa.

Bayan damina Malam Epeli ya dawo, ya ɗebi ruwan tafkin ƙarshe a kwalba, ya zauna da mata, ya sha shayi mai launi. Takarda ta fito. Otal ɗin ya buga hoton Baldeo a ɗan littafin da ake ajiye wa baƙi a ɗaki, yana tsaye gaban igiyar shanya, an rubuta cewa shi masoyin teku ne. Mutumin da tun da aka haife shi bai taɓa shiga teku ya wuce gwiwa ba.

Da shekara ta zagayo ya kira Reshmi ya ce ta gaya masa gaskiya, an ci riba ko an faɗi. Ta ce amsar ba ɗaya ba ce. Fanka da safar hannu sun biya kansu, domin mata sun daina gudu su koma aikin otal, ba kullum ake koya wa sabuwa aiki ba, zannuwan da ake ƙonawa da dutsen guga sun ragu sosai. Babban otal bai ƙara ko sisi a farashi ba, ya dai bar musu aikin. Wasu ƙananan masauki biyu sun zo saboda takardar. Wani otal ɗin kuma ya tafi wurin wani mai wanki a Nadi da ke zubar da ruwansa inda ya ga dama, yana yi musu araha. Tafkunan kuwa ba su kawo komai ba, kuma ba za su taɓa kawowa ba, sai ma kuɗin yankan ciyawa.

"Wato na Nadi ya fi ni samu?"

"A bana dai, e."

"To a cike tafkunan."

"In ka cike, takarda ta tafi, babban otal ya bi ta."

Ya ce an ɗaure shi da igiyar shanyarsa. Amma da yamma aka gan shi a bakin rafi, hannu a baya, yana kallon matan Nakoro sun shiga ruwa har ƙugu da ragarsu. Wata ta miƙo masa jatan lande cikin ganyen ayaba. Ya tambaya nawa ne, ta ce kyauta. Ya karɓa da sauri kafin ta sake shawara. A gida Sarojni ta soya su da tafarnuwa, ya ci ya suɗe hannu, ya ce ba a taɓa sayar masa da abinci mai tsadar wannan ba.

Shekara biyu bayan haka guguwa ta zo ta ɗauke rufin zauren gaba ɗaya, ta kai shi gonar wani. Kafin ruwa ya gama janyewa, mazan Nakoro sun tsinto kwanon sun hau sama da guduma, matan kuma sun kwashe zannuwan otal sun rarraba a gidajensu suna wankewa da hannu. Motarsa ce ta fara isa otal-otal da kaya masu tsabta alhali sauran masu wanki ba su ko buɗe ba. Kowa ya ce alheri ne ya dawo masa. Shi kuwa abin da ya riƙe shi ne, Sarojni ta yanka akuya biyu ta ciyar da masu aikin, an cinye buhun shinkafa da rogon gonarta kaf. Ya ce da kafinta ya ɗauko da ya fi sauƙi. Reshmi ta ce ba kafintan da zai samu a makon nan ko da zinariya. Ya ce ita dai kullum bayansu take bi.

Labarinsa ya kai Suva, har ƙungiyar 'yan kasuwa ta gayyace shi taro ya yi jawabi. Sai da aka tabbatar masa su za su biya kuɗin mota da abinci ya yarda. Ya hau mumbari cikin kwat ɗin aurensa, wadda ba ta rufuwa a ciki. Wani matashi mai kamfanin ruwan kwalba ya tashi ya tambaye shi kai tsaye, shin kula da muhalli da mutane yana kawo riba?

Baldeo ya sosa ƙeya. "Ɗana, abin kashi uku ne. Akwai wanda tun ranar farko kuɗi yake bar maka a aljihu, kamar rana da ruwan sama. Wanda bai yi wannan ba, ba mugu ba ne, wawa ne. Akwai wanda zai cije ka bana, ya biya ka baɗi, kamar fanka. Akwai kuma wanda ba zai biya ka ba har ka mutu. Ina da tafki uku irin wannan, in kana so in sayar maka."

Aka fashe da dariya. Matashin ya ce to me ya sa yake ci gaba da na ukun?

"Da farko dole aka yi mini. Yanzu kuma in na daina, da wane ido zan bi ta Nakoro? Hanyar gidana ta nan ta bi. Ga matata, ga Torika. Kai ba ka san Torika ba, shi ya sa kake tambaya."

Aka yi masa tafi mai tsawo, wasu har da rubutawa. Shi kuwa hankalinsa na kan teburin abinci, inda ya ga an fara kwashe ragowar kaji za a kai baya.

Yanzu Baldeo ya tsufa, Reshmi ce ke riƙe da kamfanin, Torika ta yi ritaya tana renon jikoki. A bara zuciyarsa ta ɗan taɓa shi, aka kwantar da shi a wani asibiti a birnin Lautoka. Sarojni da Reshmi suna zaune a gefensa cikin damuwa, ga robar ruwa a hannunsa, sai ya buɗe ido. Ya murza zanen gadon da yatsu biyu, ya kai hanci ya shinshina. Ya yafito ma'aikaciyar jinya da hannu, ta sunkuyo da sauri tana zaton wasiyya zai bari.

"'Yata," ya ce da ƙyar, "wa yake yi muku wanki?"

Ta ce ba ta sani ba.

"Ki tambayo mini. Ki tambayo har da nawa suke biyansa."

Sarojni ta share hawaye, ta dubi Reshmi ta ce ta je ta gaya wa dangi su daina kuka, mutumin nan ba yanzu ba. Bayan mako guda aka sallame shi, ya dawo gida a motar haya, bayan ya yi ciniki da direban tun daga ƙofar asibiti har aka rage masa.